Katantanwar Ƙarfe

Ranar Asabar, a Youngstown, ƙanƙara ta toshe bakin gareji,
akwatin ya iso, da ƙyar na cicciɓo shi.
Babana Wendell ya farke shi da wuƙar aljihu,
ya ce, "Marlene, zo ki ga katantanwa."
Katantanwar ce kuwa: ƙarfe murɗaɗɗe, baki ɗaya a gefe,
a cikinta 'yar fanka mai fikafikai sirara kamar reza.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan narka ƙarfe,
ya shaƙi abin da ya shaƙa.
Yanzu tulun iska ke bin sa a kan tayoyi biyu,
siririyar tiyo a hanci, tana tsaki a hankali.
Shi ne kuma mai cewa motar ba ta numfashi.

"Iska ce abincin inji," in ji shi, "fetur gishiri ne kawai.
Silinda takwas, kowacce na zuƙa iya ƙarfinta,
amma zuƙa daban, ɗura daban.
Wannan ɗura musu za ta yi."

Ni ce hannuwansa.
Shi yana kan kujerar katako, yana nuni da sifana.
Na kwance matatar iska, na gusar da tankin ruwa,
na ɗaura ƙarfen da zai riƙe baƙuwar.
Noti na huɗu ya ƙi, sai da ya ci fatar yatsana.
Na zagayo da bel ta wuyan injin,
na jera bututu har gaban mota, inda sanyi zai buge shi,
don iskar da aka matsa zafi take ɗauka.
"Kamar mutum," in ji shi. Bai yi dariya ba.
Muka sa manyan bakunan feshin fetur,
kada yunwa ta kama fistan a tsakiyar gudu ya narke.

Otis Bellamy ya leƙo ta kan shinge, kofi a hannu:
"Doki ɗari biyar, Wendell? Ina za ka da su,
kantin magani?"
Baba ya ce, "Can ɗin fa. Amma ba zan makara ba."

Kwana tara muka yi.
Ran na goma na murza makulli, yana gefena,
tulun a tsakanin gwiwoyinsa.
Cikin gari, shiru. Fitilar hanya, coci, shagon wanki,
mota kamar jiya, kamar shekaranjiya.
Na ce, "Baba, kuɗinmu sun tafi a banza?"
Ya ce, "Ba ta gaisawa daga nesa. Sai injin ya juya take juyawa.
Bar ta ta tara."

Babban titi. Giya ta uku.
Allura ta haye dubu uku, wani fito ya taso siriri,
dubu huɗu, fiton ya zama kururuwa,
dubu biyar, kujera ta rungume bayana ta ƙi saki,
bututun hayaƙin tsohuwar masana'anta suka wuce
kamar ashana a bakin iska.
Kunnena na kan injin, ina jiran ƙwanƙwasar da ke kashe fistan.
Ba ta zo ba.

Na saci kallonsa.
Ya sauke gilashi, sanyi na marin fuskarsa,
baki buɗe, ido rufe,
iska na shiga ba tare da ya roƙe ta ba.
Dariya ta kama shi, tari ya karɓe ta,
na ɗaga ƙafa.

A gareji injin na hucewa, ƙis, ƙis, ƙis,
tiyon hancinsa na amsawa.
Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan:
"Kin ji bel ɗin ya ɗan zame a sama?"
Na ji.
"Gobe mu ƙara ɗaure shi."
Na ce to, na rataye sifana a ƙusarta,
inda hannunsa zai iya kaiwa daga zaune.